Jiya mun rufe wani ɗan kabu-kabu a Mabera cikin Sakkwato, kowa ya faɗi abin da ya gani a titi

Malamin Firamare, Mabera

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya bayan Azahar muka kai wani maƙwabcina makwancinsa. Ɗan kabu-kabu ne, matashi, ya bar mata da yara biyu da tsohuwarsa. Shekaranjiya gab da Magariba tirela ta taka shi a titin baifas. Waɗanda abin ya faru a gabansu sun ce tirelar za ta sha kwana zuwa dama, shi kuma ya kutsa ta gefen damanta yana son ya riga ta fita, tayoyin baya suka kama shi. Fasinjan da ya goyo ya tsira da karaya a cinya.

Mutanen direban sun zo gaisuwa, dangi suka ce sun yafe, kwana ne ya ƙare. Ban ja da wannan ba. Amma a wajen zaman makoki duk wanda ya zauna sai ya kawo labarin irin wannan haɗari, na ƙanensa ko na abokinsa, a yi salati, a shafa fatiha, a watse. Ba wanda yake tsayawa a kan yadda abin yake faruwa. Shi ya sa nake roƙon mai mota da mai mashin da mai tafiya a ƙasa, kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Don Allah ban da zagi.

Inna Hajara ta Gawon Nama

Allah jiƙai nai, Allah shi sa ya huta. Allah shi ba matatai haƙuri, shi raya abin da ya bari. Malam, ya haƙuri?

Baba Direba, Kwannawa

Allah shi gahwarta mai. Malam, tun ina yaron mota nike bisa babbar mota hag girma ya kama ni, kuma abin da kaf faɗi na gane shi kamar ina wurin.

Ɗiyana masu mashin, ku ji da kyau. In kunka ga tirela ta buɗe hagu kusa da kwana, ba hanya tab ba ku ba. Dama za ta. Dole direba shi buɗe haka don tayoyin baya ba su bin sawun na gaba, yanke kwana su kai. Wanga filin da kuka gani tsakanin mota da bakin titi, cikin daƙiƙa kaɗan bodi zai rufe shi, kuma duk abin da ac ciki ya tahi. Direba shina zaune hagu, can sama. Abin da ag gefen dama ƙasa da ƙohwa, da abin da ad dab da hancin mota, da abin da al liƙe bayan bodi, wallahi bai ganin su. In ba ka hango huskata cikin madubina ba, ni ma ban gan ka ba.

Sai batun burki. Buhu 600 na siminti tan 30 na, ban da nauyin motar kanta. Burkinmu na iska na, in kat taka sai ya ɗan jinkirta kahin shi kama, sannan nauyi shi ci gaba da tura ka. Yaro shi sha gabanka shi tsaya cak don fasinja ya ɗaga mai hannu, mi za ka yi? Na ga haka hanyar Kalambaina, na ga haka hanyar Gusau. Wani abokin aikina da hakan ta hwaɗa mai, alƙali bai kama shi da laihi ba, amma tun ran nan bai sake riƙa sitiyari ba. Goro shika saidawa yanzu.

Ban ce direbobi ba mu da namu ba. Akwai mai kwana bisa hanya bai runtsa ba, akwai mai shan abin da ka hana barci, akwai mai barin mota ta lalace cikin duhu ba alama sai ganye da yak karyo ya aza.

Ɗan Kabu-kabu, Tashar Illela

Baba, Allah shi ƙara girma, maganarka gaskiya ce kuma na ƙaru. Amma a ji ta bakinmu mu ma, don kullum in an yi haɗari kafin a ɗaga mutum an riga an ce ai 'yan kabu-kabu ba su da hankali.

Yawancinmu mashin ba namu ba ne. Akwai balas da za ka kai wa mai shi kowace yamma, ko ka samu ko ba ka samu ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da kake zubawa a tanki ya ninka ya sake ninkawa, fasinja kuwa in ka ƙara masa kuɗi sai ya ce zai taka da ƙafa. To ka cire mai, ka cire balas, ka cire tikitin ƙungiya, sannan ka nemi na cefane. Wannan lissafin ne yake murɗa totur. Kuma fasinjan da kansa yake cewa yi sauri na makara, in ka bi a hankali ya ce kai sabon shiga ne.

Masu ƙananan motoci kuwa, abin da suke mana Allah kaɗai ya sani. A titin Ahmadu Bello wani ya faka ya buɗe ƙofa bai waiga ba, abokina ya shige ta, haƙoransa na gaba suka zube, mai motar ya fito yana tambayar wa zai gyara masa ƙofa. A shataletalen Gidan Man Ada sau nawa mai mota yana waya zai matse ka har sai ƙafarka ta goge bakin kwalbati. Sigina kuwa sai ya riga ya fara juyawa yake kunna ta, in ma ya kunna.

Abu ɗaya da zan yarda da shi a kanmu: sababbin hannu sun yi yawa. Yara da rashin tsaro ya koro daga wajen Sabon Birni da Isa da Rabah, sun iya mashin a hanyar gona, ba su taɓa shiga shataletale ba. Ranar da suka iso gari ranar wani zai ba su Boxer. Ba wanda ya zaunar da su ya ce wanda yake cikin shataletale shi ke da hanya.

Maman Khalifa, Arkilla

Allah ya jiƙan musulmi. Ni matan da ke nan nake wa magana. A gabana wajen Babbar Kasuwa hijabin wata baiwar Allah ya shiga tayar baya, ya naɗe, ya fizgo ta ta baya da wuya. Da jariri a hannunta. Allah ya kiyaye jaririn, ita kuwa ta daɗe a kwance. Mai mashin bai yi gudu ba, bai yi komai ba. Kafin a tashi ki tattara hijabi da bakin zane ki danne a cinya, ki duba da kanki, kada ki jira ya ce miki.

Sannan iyaye, yara huɗu a mashin ɗaya zuwa makaranta, ƙaramin a kan tanki yana gyangyaɗi. Na san kuɗin keke napep ya fi, na san halin da ake ciki. Amma duk safiya in na gansu sai gabana ya faɗi.

Nas Mai Dutin Dare

Allah ya gafarta masa. Ina aikin jinya a sashen gaggawa, kuma abin da zan faɗa ya shafi bayan an riga an faɗi, don a nan muke rasa mutanen da da sun rayu.

Jama'armu akwai tausayi, kafin ka ce me an taru. Sai dai taimakon yakan zama illa. Wani ya kama hannu, wani ya kama ƙafa, kai yana lilo, a cusa mutum cikin keke a naɗe. In ƙashin wuya ko na baya ya tsage, wannan ɗaukar ce take ƙarasa lakar, mutumin da zai warke ya tashi ya koma ba ya motsa ƙafa har abada. A samu mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu daidai da jiki, a nemi katako ko wani abu shimfiɗaɗɗe mai ƙarfi, a ɗauke shi a miƙe. Inda jini yake zuba a danne da tsumma mai tsabta, a ci gaba da dannewa. Kada a ɗura masa ruwa ko madara, wanda hankalinsa bai dawo ba yana iya shaƙewa, kuma in za a shiga tiyata cikin da ba komai ake so. Lambar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC 122 ce, kyauta ake kira. Masu ɗaga waya suna ɗaukar hoto, da wannan lambar suka danna da ya fi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai tashi ya kakkaɓe riga ya ce ba komai. Kansa ya bugi kwalta, ya ɗan suma ya farfaɗo, ya tafi gida. Jini yana iya taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kai. Bayan wasu awoyi sai ciwon kai mai tsanani, amai, barcin da ba a iya tashinsa, ko magana ta rikice. A gida sai a ce a bar shi ya huta. Da asuba a kawo mana shi, lokaci ya ƙure. Duk wanda kansa ya bugu har ya suma, ko na minti ɗaya ne, a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru a duba shi a ranar.

Masu tsoron kada a riƙe su in sun kawo wanda ya yi haɗari, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Batun ɗori kuma ba zan yi faɗa da kowa ba, na san akwai gidajen da suka gada. Amma karayar da ƙashi ya huda fata ba ta mai ɗori ba ce. A fara yin hoto, ga asibitin ƙashi nan a Wamakko. Na ga ƙafafun da aka ɗaure tamau har jini ya daina zagayawa, aka kawo su sun yi baƙi, ba abin da ya rage sai yankewa.

Abu Mai Shago, Runjin Sambo

Duk wannan bayani yana da kyau, amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ko hular ƙarfe ya sa, in kwana ya ƙare ya ƙare.

Almajirin Zaure, Ƙofar Atiku

Malam Abu, ba mai musun ajali. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Kuma da ƙaddara tana share alhaki, da ba a saukar da hukuncin kisan kuskure ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara, kuma wanda bai samu wuyan da zai 'yanta ba, azumin wata biyu ne a jere. Dangi suna iya yafe diyya. Kaffara ba tasu ba ce balle su yafe.

Abin da ya tsaya mini a rai a labarin Malam shi ne yaran nan biyu. Diyya dukiya ce da ake rabawa kamar gado, marayu suna da kasonsu, matar da ta shiga takabar wata huɗu da kwana goma tana da nata. Baffa ko kawu yana da ikon yafe abin da yake nasa. Ya miƙe a gaban jama'a ya ce mun yafe a madadin yaron da bai san ma me ake ciki ba, wannan a kai wa malamai su duba kafin a furta. Mun mayar da karɓar diyya abin kunya, wai an ci kuɗin jini, sannan bayan sadakar uku kowa ya kama gabansa a bar mace da marayu da kuɗin haya.

Ma'aikacin Ofis, Bado

Ƙari a kan wannan, inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota don irin wannan ranar aka yi ta. Ta ƙaramar mota ta koma naira 15,000 a shekara tun Janairun 2023, kuma tana biyan wanda aka ji wa rauni ko iyalan wanda ya mutu. Mu dai mun ɗauke ta takardar nuna wa jami'i a hanya, wasu ma ta bogi suke yanka. In motar tana da ta gaske, neman haƙƙin marayun ba daga aljihun direba zai fito ba. Amma sai da rahoton 'yan sanda, shi ya sa saurin a sasanta a wurin yake cutar iyalan mamaci.

Hular kwano kuma, na tuna farkon 2009 da aka ce dole. An yi 'yan makonni ana kamawa, wasu suka kifa ƙwarya a ka, aka yi ta yaɗa cewa ana asiri da hular fasinja, daga nan maganar ta bi ruwa.

Ɗan Kabu-kabu, Tashar Illela

Yallaɓai, a watan Afrilu da zafi yake haura digiri 40, ka sa kwano a ka tun safe har La'asar ka gani. Kuma fasinja ba zai sa wadda wani ya yi gumi a ciki ba, mai rawani ko mai ɗaurin kallabi balle. Ni ina da ita, ina sawa in zan yi hanyar Kware ko Bodinga. Cikin gari gaskiya ba na sawa.

Nas Mai Dutin Dare

Ɗan'uwa, yawancin masu fasasshen kai da nake karɓa daga cikin gari ake kawo su, ba daga hanyar Kware ba. Kuma in za ka sa, ka ɗaure igiyar haɓa, wadda ba a ɗaure ba tana riga mai ita isa ƙasa.

Bakanike, Tsohuwar Kasuwa

Allah shi jiƙan mamaci. Baba Direba ya yi maganar madubi, to ni nan nika tsayawa. Sabon mashin in anka kawo shi haɗi, abu na hwarko da yaro ka ce mini shi na in kwance madubai, wai suna hana shi kutsawa cikin cunkoso, wai kuma mashin da madubi na tsohhi na. Ina da buhu guda na madubai sababbi da masu su sunka bari.

Danjar baya kuwa, cikin mashin goma da ka shigowa wurina da wuya ka samu rabi tana kamawa. Ƙwan hitila bai kai kuɗin litar mai ba. Ga hunturu tahe, hazo shi rufe gadar Kwalkwalawa da sahe, mai mota bai ganin ka sai ya zo bisa kanka. Takalmin burki sai ya cinye ƙarhe na cin ƙarhe kahin a canza, taya ta suɗe har zare ya hito a ce a ƙara mata iska.

Ɗan Tashar Illela, kai naka madubin shina nan?

Ɗan Kabu-kabu, Tashar Illela

Na hagu yana nan. Na dama mai mashin ya ce in saya da kuɗina.

Bakanike, Tsohuwar Kasuwa

Biyo gobe bayan Azahar in ɗaura maka guda cikin buhun. Ka taho da sababbin yaran nan na tasharku, a duba masu danja gaba ɗaya.