Na gama wasana na Spectrum, in sake shi ko in jira gwaji a kan ainihin na'ura?

Ɗan_Akwati:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Na haɗa wani ɗan wasan wasa ƙwaƙwalwa na tsohuwar kwamfutar nan ZX Spectrum mai ƙwaƙwalwa 48K, irin na tura akwati kamar Sokoban, sai dai nawa akwatunan masu launi ne, in biyu masu launi ɗaya suka haɗu sai su manne. Mataki 40 ne, da sjasmplus, manhajar harhaɗa shiri, na rubuta shi. Duk gwajin a Fuse aka yi, manhajar da ke kwaikwayon Spectrum a kwamfutar zamani, ni da wasu abokaina, don ba ni da ainihin na'urar.

Tambayata biyu ce. In sake shi haka, ko in nemi Spectrum ta gaske tukuna? Sannan bayit kusan 700 suka rage min: in sa maɓallin komawa baya ne, ko kalmar sirri ta kowane mataki? Ba za su shiga tare ba. Mutum biyu sun maƙale a mataki na 14 sun ce sun haƙura.

Mai_SID:
Wa alaikumus salam. Wasan da launi ne ginshiƙinsa, ka kai shi na'urar da kowane gida mai ɗigo 8 sau 8 launi biyu kacal yake ɗauka? Ka mayar da shi kwamfutar Commodore 64 ka huta, ga sauti kuma.

Ɗan_Akwati:
Yaya, na ce na gama shi fa. Kuma akwatina 16 sau 16 ne, daidai kan gidajen yake zama, launi ba ya zuba.

Z80_Zalla:
Tsaya tukuna. Me ka cusa a ciki har 700 kawai suka rage? Wasan tura akwati ne fa.

Ɗan_Akwati:
Akwai hotunan cikakken allo guda huɗu tsakanin matakai.

Z80_Zalla:
Haba malam! Kowane ɗaya bayit 6912 ne, huɗu sun haura 27,000. Ka matse su da ZX0, manhajar rage girman fayil. Komawa baya kuwa bayit ɗaya ya ishi kowane taku: ina ya nufa, ya tura akwati ko bai tura ba. Naka mai mannewa zai ɗan buƙaci ƙari.

Baba_Kaset:
Ɗana, bar zancen bayit, zo ka ji abin da ya same ni. Nawa mataki 50 ne. Na ba wani yaro gwaji, mai ladabi, kullum "ranka ya daɗe komai lafiya". Ya ce ya buga daga farko har ƙarshe. Na yarda, na kai wa wani kamfani suka buga min kaset da takardarsa mai launi, har sunan yaron na sa a ciki cikin waɗanda nake yi wa godiya.

Kaset ya isa hannun mutane. Saƙon farko da na samu daga wani dattijo ne, ya ce ya yi mako yana fama da mataki na 37, ya zana shi a takarda, ya tabbata ba shi da mafita. Na duba. Katanga ɗaya ce ta goce da gida ɗaya, akwatin ƙarshe dole ya faɗa kusurwa, kuma ka san akwatin da ya shiga kusurwa ya mutu. Na kira yaron. Ashe maɓallin tsallake mataki da na bar wa masu gwaji shi yake dannawa duk inda ya sha wuya. Ko kunya bai ji ba, cewa ya yi ai ya ɗauka shi ne bai iya ba.

Ban gama shan wannan ba masu Spectrum ƙirar +2A suka taso, wai wasan yana sandarewa tun a allon farko. Ina karanta tashar 255 ne, ɗaya daga cikin ƙofofin da na'urar ke karɓar bayani ta cikinsu, don in san inda zanen allo ya kai, a 48K yana aiki sumul, a +2A da +3 kuwa wannan dabarar ba ta ci, sai ya tsaya jiran abin da ba zai zo ba. Kamfanin suka ce abin da na ba su shi suka buga, ko kaset ɗaya ba za su sake ba. Na mayar wa mutane kuɗinsu, ragowar kwalin yana nan ƙarƙashin tebur. Sunan yaron kuma yana ciki, a kowane ɗaya.

Ƙanin_Kowa:
Baba ka sayar da su a matsayin wasan da ba a taɓa cinyewa ba a tarihi. Wanda ya wuce 37 a ba shi kwalin duka 😂

Baba_Kaset:
Yi dariyarka, Allah ya kai mu ranar da za ka gama naka.

Anti_Gwaji:
Allah ya mayar da alheri, Baba. Amma a lura, duka biyun ba sai da ainihin na'ura ake kama su ba. Fuse yana kwaikwayon 128K da +2A da +3, akwai ma zaɓin kibod ɗin Issue 2, wato tsohuwar ƙirar 48K, canzawa kawai za ka yi ka loda. Ni mai gwaji ce, ba na rubuta komai, kuma duk wanda na yi wa aiki fayil ɗin RZX nake tura masa, wato rikodin yadda na buga wasan, yana ganin kowane maɓalli da na danna. Ɗan_Akwati, ka nemi na mutum biyun nan na mataki na 14. Sau da yawa matakin ba shi da laifi, wata ƙa'ida ce ba ka koyar a na 10 ko 11 ba.

Abin da Fuse ke ɓoye maka daban ne. Mu muna ajiye wasa duk inda muka so. Mai kaset kuwa sai ya jira lodi na minti huɗu ko biyar, in ya kashe na'ura ya dawo mataki na 1. Shuɗi a kan baƙi kuma, a tsohuwar talabijin da ƙyar ake ganinsa. Ja da kore ma ka bambanta su da zane, akwai masu rikita su.

Z80_Zalla:
Ka kuma ajiye mafitar kowane mataki a rubuce, duk sanda ka sake harhaɗa wasan ya buga kansa da kansa. Da Baba ya yi haka da 37 bai fita ba.

Baba_Kaset:
Kai wasa nawa ka taɓa fitarwa? Tun yaushe muke jin labarin injin wasan da kake ta haɗawa? Wanda bai taɓa mayar wa mai saye kuɗinsa ba ya dinga sassauta murya.

Z80_Zalla:
Ba raini ba ne Baba. Amma in fitar da wasa ne ma'auni, ai Anti ma ba ta da bakin magana, kuma ita ta fi mu faɗin abin amfani.

Anti_Gwaji:
Ku fitar da ni daga ciki don Allah.

Roba_48:
Ka saya kawai. A 1982 fam 175 Sinclair ya sa wa mai 48K, ni tawa ko rabin haka ban biya ba, kuma tana aiki.

Injiniya_B:
Yaushe rabonka da duba farashi? Wadda aka canza wa kapasita da ledar kibod, aka yi mata gyaran bidiyo, in ka haɗa da DivMMC, abin loda wasa daga katin SD, da kuɗin aikowa, ni dai tawa ta wuce wancan farashin na 1982.

Roba_48:
To an cuce ka.

Injiniya_B:
Wanda ya sayi mai araha shi ake cuta. Duk tallan da ka ga an rubuta "ba a gwada ba", wallahi an gwada, ta ƙi tashi ne. Na sayi irinta, ina kunnawa sai baƙin allo da ratsi-ratsi. Ƙananan RAM ɗin nan 4116 sun tafi, su da ke buƙatar wuta iri uku, +5 da +12 da -5. Mai tallan ya ce a ɗakin ajiyar kakansa ya tsince ta. Na buɗe, sai ga sabuwar dalma a kan allon da ke cikinta.

Ƙanin_Kowa:
Kakan ne injiniya.

Ɗan_Akwati:
Na gode duka. Zan matse hotunan. Amma har yanzu ban ji ba, akwai wanda zai loda min shi a tasa in na turo TZX, wato fayil ɗin kaset?

Roba_48:
Ni dai ledar tawa ta tsage, layin Q zuwa T ba ya aiki, kuma na san da maɓallan Q, A, O da P ake buga naka. Injiniya, kai da aka sayar wa gawa, da wace wuta ka kunna ta? Don wani ya haɗo min da adafta 9V mai tsakiya tabbatacce (+), alhali ta Spectrum tsakiyarta korau (-) ce. Da ban auna ba da tawa ma ta bi sahu.

Injiniya_B:
Ni ma ba ta asali ya haɗo min ba. Turo min hoton adaftar taka, ina zargin mutum ɗaya ne.