Akwatin nan mai juya fitilun gida, me za mu kira shi da Hausa?

Jama'ar Katsina da kewaye, ina neman taimakon kalma. Shekaranjiya da daddare na zauna zan yi wa Yayana bayanin dalilin da ya sa nake tunanin sauya ɗan akwatin nan da ke kan firij a falona, sai na ji bakina ya cika da Turanci. Ya ƙyale ni har na kai aya, sannan ya ce, "To sarkin boko, yanzu faɗa mini da Hausa." Na yi tsuru-tsuru.

Ga abin. Ɗan akwati ne da bai kai faranti ba, Turawa suna ce masa "hub". Shi a karan kansa ba ya haska ɗaki, ba ya jan ruwa. Amma fitilun waje guda 4, da soket ɗin da injin ruwa ke jone a jikinsa, da 'yar na'urar da na manna a ƙyauren gida tana sanar da ni in an buɗe, duk wurinsa suke karɓar umarni. Ni kuma ta waya nake gaya masa abin da nake so: rana na faɗuwa a kunna fitilar ƙofar gida, injin ruwa ya yi minti 40 ya tsaya. Nawa ya tsufa, akwai sababbi a kasuwa, ina ta kai-kawo a raina. Amma kafin maganar saye, a ba ni suna.

Da na jefa wa jama'a wannan tambaya, amsar farko daga wani mai gyaran keke ta zo, ta wajen Ƙofar Guga. Ya ce, "Malam, me ya yi zafi? Ai mu tun tuni hob muke cewa." Gaskiyarsa. Kalmar Turancin ma daga can ta taso, tsakiyar ƙafar keke ko mota inda komai ke haɗuwa. Sai dai in na shiga kasuwa na ce ina neman hob, wurin masu kayan keke za a nuna mini. Kalmar tana da mai ita.

Wata malamar Hausa da ke koyarwa a sakandare ta kawo "cibiya", kuma mutane da yawa sun bi ta. Na fi awa guda ina juya wannan, domin ita ce fassarar da ƙamus zai yarda da ita. Abin da ya hana ni karɓa shi ne mun riga mun ɗora wa cibiya kaya har ta rankwafa. Cibiyar lafiya, cibiyar bincike, cibiyar kasuwanci, cibiyar koyon sana'a. Ka ce wa mutum "cibiyar gidana ta lalace", zai tsaya yana kallonka. Sannan cibiya wuri ce, ana zuwa a same ta. Wannan akwatin kuwa aike yake yi, yana sa wa yana hanawa. Malama, ki yi haƙuri, ban ƙi taki don raini ba. "Matattara" da "mahaɗa" da wasu suka kawo, ciwonsu ɗaya da cibiya.

"Tafinta" ta burge ni, kuma wanda ya kawo ta ya san kan abin. Waɗannan ƙananan na'urori ba yare ɗaya suke ji ba. Wasu Wi-Fi, wasu Zigbee, wasu Z-Wave. Wayarka ba ta jin Zigbee ko Z-Wave, akwatin ne ke tsayawa tsakani yana fassara. A 2022 manyan kamfanoni, ciki har da Apple da Google da Amazon da Samsung, suka mara wa wani sabon tsari baya mai suna Matter, don kayan wannan kamfani su riƙa jin maganar na wancan. Shi ne ma abin da ke jan hankalina ga sabon akwati. To amma tafinta ba ya yanke hukunci. Ba shi ke tuna cewa magariba ta yi ba. Rabin aikin kawai kalmar ta ɗauko.

Daga Daura aka aiko da "sarkin gida". Mutanen Daura ba sa raba magana da sarauta, Allah ya bar zumunci. Ta yi daɗi a baki, amma sarautar fada ce mai mutunci, ba na so a ji ni ina cewa zan jefar da sarkin gida in sayo wani. Wani abokina kuma ya rubuto "uwargida", na amsa masa a take: kai ka fara gwadawa. Ka tsaya a tsakar gidanka ka ɗaga murya ka ce, "Uwargidan nan ta tsufa, ba ta jin magana, sabuwa zan kawo ƙarshen wata." In ka kwana lafiya ka dawo mu ci gaba.

Jiya bayan la'asar sai ga saƙon murya daga Kawuna, wanda ke da 'yan shanunsa a hanyar Batsari. Wani cikin yaran gida ne ya karanta masa abin da ake ta yi. Ya ce, "Kai ɗan nan, kuna ta wahal da kanku. Abin da ƙanana ke bi, in ya tsaya su tsaya, in ya ɓace su watse, ai uwa ce. Ba ka san uwar garke ba? Waɗancan tarkacen naka kuwa ɗiyanta ne."

Na saurara sau uku. Kawu, Allah ya ƙara girma, ka gama magana.

Ku duba yadda Hausa ta daɗe tana aiki da wannan kalma a wajen haihuwa. Uwar garke, saniyar da sauran ke bi. Uwar maƙera, ƙarfen da ake dukan kowane ƙarfe a kansa. Uwar kuɗi, wadda riba ke fitowa daga jikinta. Uwar adashi, wadda kowa ke kai wa zubi, ita ta san na wa aka kwasa, na wa ya rage. Uwar jam'iyya da rassanta na jihohi. Ba mu ƙirƙiri komai ba, gurbin yana nan a buɗe. Don haka ni dai na tsaya a kan "uwar na'urori", a taƙaice "uwa", abubuwan da ke ƙarƙashinta kuma "'ya'ya", ko "ɗiya" a bakinmu na nan.

Na gwada ta a irin maganar da mutum zai yi da mai gyara. "Uwar ba ta ganin fitilar baya." "Wannan soket ɗin ba ɗanta ba ne, ba za ta karɓe shi ba." "'Ya'ya nawa take iya riƙewa?" Ko ɗaya bai yi mini nauyi a harshe ba, kuma Yayana ya gane ba tare da na ƙara ko kalma ba.

Abin da ban zata ba shi ne sunan zai taya ni yanke shawarar saye. Da ina kallon abin kamar sauya waya: ka cire sim, ka sa a sabuwa, shi ke nan. Da na fara cewa uwa, sai na tuna ranar da na haɗa su da farko. 'Ya'yan Zigbee uwa ɗaya suke bi a lokaci guda. In ka kawo sabuwa, galibi sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka mantar da su tsohuwar, sannan ka gabatar da su. Na tuna ina kan tsani a bayan gida, hazo ya rufe gari, leɓena ya tsage, ɗan ƙanena yana wurin makunni yana kunnawa yana kashewa ina ƙirga masa, har ƙwan fitilar ya ƙyafta alamar ya yarda. 'Yar na'urar ƙyaure kuwa da allurar ɗinkin Hajiya na danna ɗan ramin da ke bayanta. Yini guda cur. Kuma duk dokokin da na tsara, na magariba da na injin ruwa, sai an sake rubuta su. Ga wani abu da masu talla ba sa faɗa da ƙarfi: tsofaffin 'ya'ya masu Zigbee ba sa jin Matter kai tsaye, dole dai a sami mai tsaya musu. Ke nan sabuwar uwar da ba ta jin Zigbee marayu za ta mayar mini da su.

Sai babbar tambaya, wadda ta fi ta sabo ko tsoho: uwar nan a gida take yanke hukunci, ko sai ta tambayo wata kwamfuta a ƙasar waje? Tawa irin ta biyun ce a wasu ayyukan. Wani dare data ta ƙare ban sani ba, bayan injin ruwa ya riga ya tashi. Umarnin tsayawa bai iso ba. Ƙarar zubar ruwa daga tanki ce ta tashe ni, na fito na tarar tsakar gida ta zama fadama. Mu da muka ga yadda aka rufe layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar nan a 2021, bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

A can Amurka ma an sha ta. Akwatin Revolv, wanda aka sayar kusan dala 300, ya daina aiki gaba ɗaya a 2016 da kamfanin Nest ya rufe kwamfutocin da yake dogara da su. A 2020 kamfanin Wink ya ce wa masu akwatinsa su fara biyan dala 4.99 duk wata. A watan Afrilun 2022 masu akwatin kamfanin Insteon suka wayi gari manhajarsu ba ta amsawa, ba sanarwa. Shi ya sa masu son abin sosai suke komawa irin su manhajar Home Assistant, wadda ke zaune a kan 'yar kwamfuta a cikin gidanka, ko da intanet ko babu.

Wani cikin masu amsa ya tambaya, to shi kansa sauyin me za a ce masa? Na ga wayoyi suna rubuta "ɗaukaka", ni kam ba ta kwanta mini ba, ɗaukaka ta Allah ce da sarakuna. In manhajar cikinta aka taɓa, "sabuntawa" ta isa. In akwatin aka cire aka kawo wani, "sauyin uwa" ne. Masu sayen na gwanjo kuma ku lura: Z-Wave na Amurka da na Turai ba zango ɗaya suke ba, uwar can ba za ta ji ɗan nan ba, ga shi kayan Amurka na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, tamu 230.

Ni dai na fasa saye a bana. Zan sa wa tankin makashin nan mai yawo a kan ruwa, wanda ba ruwansa da data, in jona uwar a layin inbata don kada ɗaukewar wuta ta riƙa kashe ta. Ran da zan sauya, tambaya biyu zan yi wa mai shago: tana jin Zigbee, kuma tana aiki in an zare intanet?

Malamar cibiya ta dawo ta ce ba ta sauka ba, a rubutun jarida cibiya za ta sa. Ba laifi, Malama. Amma da safen nan Hajiya ta aiko yaro ya buga mini ƙofa, wai a gaya wa uwar nan ta kashe fitilar waje, gari ya waye tun ɗazu.