Shawarwarin majalisarmu kan tallafin ambaliya

Bayan la'asar a majalisarmu ta Gidan Igwai a Sakkwato, hira ta koma kan ambaliyar 2010, lokacin da Gulbin Rima ya tumbatsa ya yanke hanyar Jami'ar Danfodiyo. Abin da ya fi ci wa dattawa tuwo a ƙwarya shi ne rabon tallafi: buhun shinkafa da kwanon rufi su salwanta tsakanin sito da unguwa, su ɓulla gidan 'yan jam'iyya.

Suka ce a rubuta sunayen waɗanda gidajensu suka rushe gaban mai unguwa da liman, a karanta a fili, a raba da rana tsaka. Kada ka sa hannu kan abin da bai shigo hannunka ba. Wani tsoho ya ƙara, kuma gaskiyarsa, kada a sake gini a fadama ko da filin kyauta ne.