Me ya sa ba a yaɓa wa tsoffin majami'un ƙauyen Ingila siminti?

Ɗalibi: Malamai, cocin ƙauye da ke cikin jerin gine-ginen tarihi na Ingila, bangonta na jiƙewa. Me ya hana a yi mata siminti?

Magini: Da farar ƙasa aka haɗa duwatsun, ita ke barin danshi ya fita. Siminti kuwa yakan kulle ruwan a ciki, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta ɓare. A fara duba indararo tukuna, yawanci toshewarsa ce ke jiƙa bangon.

Mai Zane: Kuma ba a taɓa ginin sai da izinin hukumar cocin, ana binciken lafiyarsa duk shekara biyar.