Me zan ba ɗalibai su karanta kan wariyar launin fata?

Ummu_Nabila:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da tarihi a babbar sakandare, an ɗora min shirya wa ɗalibai zama na ranar 21 ga Maris, ranar yaƙi da wariyar launin fata ta duniya. Matsalata duk abin da na lalubo a intanet ko dai nasiha ce ta mu so juna mu zauna lafiya wadda yara za su yi ta hamma, ko kuma rubutun 'yan jami'a mai nauyin tsiya. Ni so nake su ga yadda abin yake aiki, cewa ba shi da kyau ai sun riga sun sani. 'Yan shekara 15 zuwa 17 ne. Don Allah a taimaka da shawara.

Ɗan_Tarihi:
Wa alaikumus salam Malama. Ki fara da ita kanta ranar mana. Ranar 21 ga Maris 1960 ne 'yan sanda suka buɗe wuta a Sharpeville, Afirka ta Kudu, suka kashe mutum 69 da suka fito zanga-zanga kan dokar fas, wato takardar da dole baƙar fata ya riƙa yawo da ita kafin ya taka unguwar Turawa, a ƙasarsa fa. A 1966 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar saboda su.

Shawarata ki ba su dokokin wariyar Afirka ta Kudun su karanta da idonsu, duk suna intanet kyauta. Akwai ta 1950 da ta wajabta yi wa kowa rajista da launinsa, kuma da yake launin mutane ba ya bin layin da gwamnati ta ja sai jami'ai suka koma dabaru na ban kunya, har fensir suke soka wa mutum a gashi, in ya zame ya faɗo ana iya rubuta shi Bature, in ya maƙale a jefa shi wani rukunin, kuma wannan rubutun ne zai yanke inda zai zauna, makarantar da zai shiga da wadda zai aura. Akwai 'yan gida ɗaya da aka raba a haka. Sai dokar ilimin Bantu (wato baƙaƙen ƙasar) ta 1953 da aka tsara don kada yaron baƙi ya yi nisa a karatu, wannan ita za ta fi taɓa su tunda ɗalibai ne, daga nan ki kai su Soweto, 16 ga Yuni 1976, inda sa'o'insu suka fito don an tilasta musu karatu da Afrikaans, harshen Turawan da ke mulki. Yaro in ya ga an zauna a ofis an rubuta abin nan an buga hatimi, zai gane ba ƙiyayyar zuciya kaɗai ba ce.

Abu_Khalil:
Ni fa ban ga dalilin dogon bincike ba. Wannan ciwon Turawa ne, mu an gama mana magana tuntuni, aya ta 13 a Suratul Hujurat da huɗubar ban kwana, Balarabe bai fi wanda ba Balarabe ba sai da taƙawa. Ki karanta musu wannan ki ba su tarihin Sayyidina Bilal, shi ke nan.

Maman_Biyu:
Malama ki ƙara da ɓangaren kimiyya kaɗan, don wasu yaran a ransu sun yarda akwai jinsin da ya fi wani ƙwaƙwalwa, kunya ce kawai ke hana su faɗa. Ƙwayoyin halittar kowane mutum biyu a duniya sun yi daidai da kusan kashi 99.9 cikin 100, kuma bambancin da ke tsakanin 'yan Afirka su ya su ya fi na kowace nahiya yawa. Sannan akwai binciken da aka wallafa a 2004 a Amurka, an aika takardun neman aiki kusan 5,000 a Boston da Chicago, cancanta iri ɗaya suna kawai aka canza, masu sunan farar fata suka fi samun kira da kusan kashi 50 cikin 100. Wannan za ki iya kwaikwayonsa a aji da takarda biyu.

Abu ɗaya dai, za ki ci karo da bidiyon malamar nan Jane Elliott da ta raba ajinta a 1968 bisa launin ido ta fifita wasu kan wasu. Su kalla ku tattauna, amma don Allah kar ki gwada a kansu, yaron da aka wulaƙanta da sunan darasi ba ya mantawa.

Ɗan_Tarihi:
Malam Abu Khalil ayar kam ba ja, a fara da ita ma. Amma cewa ciwon Turawa ne kaɗai, a nan ne ban bi ka ba. Muritaniya sai 1981 ta soke bauta, sai 2007 ta mai da ita laifin da ake hukuntawa. A 2017 duniya ta ga bidiyon gwanjon baƙaƙen 'yan ci-rani a Libiya. Can ba su san ayar ba ne? Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 kan kawar da wariyar launin fata ma ba a launi ta tsaya ba, sashenta na farko ya haɗa da nasaba da ƙabila, ke nan wanda ya hana 'yarsa aure don an ce kakan yaron bawa ne shi ma yana ciki. In yara suka tashi daga zaman suna ganin Bature ne kawai mai laifi to an yi rabin aiki.

Malama na manta, ki duba Tarihin Afirka na UNESCO da aka fara a 1964, kyauta ne a shafinsu, da rumbun SlaveVoyages mai bayanan tafiyar jiragen bayi sama da 36,000, za su iya zaɓar jirgi ɗaya su ga mutum nawa aka loda da nawa suka sauka da rai.

Abu_Khalil:
Toh maganar nasaba kam ka kama ni. Amma dai a yi hattara kar a kunna wa yara gaba a aji, akwai waɗanda abin ya shafi gidajensu kai tsaye.

Ummu_Nabila:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Awa ɗaya da rabi kawai aka ba ni, don haka zan ɗauki dokar 1950 da gwajin takardun neman aiki, jiragen su zama aikin gida. Malam Abu Khalil gargaɗinka ya shiga, maganar nasaba a rubuce za su yi ta ba suna, ni zan tattara in karanto. Maman Biyu in kina da bidiyon mai fassara a ƙasa ki turo min, Turancin matar yana da sauri.