Wai me za mu kira burnout da Hausa?

Jama'a a taimaka, tun jiya nake kokawa da kalmar nan burnout. So nake in yi wa Yayata bayanin abin da ya same ni bara, na ce mata gajiya ce, ta ce to ki kwanta mana. Kun ji inda matsalar take.

Ita gajiya ai barci ne maganinta. Wannan kuwa sai ka yi barcin awa tara ka tashi kamar an lakaɗa maka duka, ni har hutun sati biyu na ɗauka, ranar da na koma ofis na kunna kwamfuta na rubuta "Salam" a saman imel na zauna ina kallonsa kusan rabin awa hannu ya ƙi motsi, aikin da a da nake yi ina 'yar waƙata fa.

Wani ya ce a sa ƙonewa. Haba, ka ce wa mutum na ƙone ai jikinka zai fara dubawa. Na san daga wuta Turancin ya samo ta, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Herbert Freudenberger ne ya yayata kalmar a 1974 bayan ya ga yadda masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a New York suke cinyewa a tsaye, amma ba dole mu bi su cikin wutar ba.

Mutuwar zuciya kuma zagi ne, rago ake jifa da ita. Wanda abin nan ke kamawa sau da yawa shi ne mai ƙwazon da bai iya cewa a'a ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ba cuta ba ce, abu ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba, kuma alamunsa uku: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ranka, sannan ka daina tsinana abin kirki. Galabaita ta ɗauki na farko kawai, ƙosawa ta ɗauki na biyu.

Ni dai ƙafewar karsashi ta fi kwanta mini. Kamar rijiya ce, ana ta zura guga ba a bari ta tara, wata rana sai gugan ya fito da laka. Kuma rijiyar ba mutuwa ta yi ba, in an ɗaga mata ƙafa ruwa na dawowa, ni nawa ya fara dawowa ne da na je wajen ƙwararriya kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta sa na daina amsa kiran aiki da daddare.

Aibinta ɗaya ta yi tsawo, a baki ƙila ta koma "na ƙafe" kawai. Mai wadda ta fi ta ya kawo. Na dai gwada wa Yaya ɗazu, ta yi shiru, can ta ce to wa ya kwashe ruwan?