Muhawara: Shin ƙwayoyin hawan jini ne ke cinye ƙoda?

Kawu: Assalamu alaikum. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai. A ganina waɗannan ƙwayoyin hawan jini da na siga, da ake ce wa mutum ya sha har iyakar rayuwarsa, su ne ke lalata ƙoda. Duk wanda na sani da ya kai ga wankin ƙoda, sai da ya yi shekara da shekaru yana haɗiyarsu. Ku buɗe takardar da ke cikin kwalin maganin ku karanta, su da kansu sun rubuta cewa yana iya taɓa ƙoda. Gani ya kori ji.

Inna: Wa alaikumus salam. Yaya, ina tare da kai. Wata ƙawata mai ciwon siga, ranar da aka gano ƙodarta ta yi rauni, a ranar aka hana ta shan metformin, maganin sigarta. In ba shi da laifi, me ya sa aka janye shi?

Likita: Kawu, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ka gani gaskiya ne, fassarar ce nake jayayya da ita. Su waye ake bai wa waɗannan magunguna? Masu hawan jini da masu ciwon siga. Waɗannan cututtuka biyu kuwa su ne kan gaba wajen kashe ƙoda a duniya. Don haka ba abin mamaki ba ne ka tarar da maganin a hannun kusan duk mai wankin ƙoda, tunda cutar da ta kai shi can ita ce ta sa aka rubuta masa shi. Ƙari a kan haka, ƙoda ba ta yin ƙorafi da wuri. Tana iya rasa fiye da rabin aikinta mutum bai ji komai ba. Da yawa ranar da aka fara ba su magani, ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Inna, metformin ba ya lalata ƙoda. Ta ƙoda yake fita daga jiki, saboda haka idan ta gaza sai ya taru a jini ya jawo wata matsalar daban. Shi ya sa ake rage shi, a daina gaba ɗaya idan ma'aunin tacewar ƙoda ya sauka ƙasa da 30.

Kawu: 'Yata, ba a nan gizo ke saƙar ba. Na san wanda aka auna jininsa lafiya lau, aka ɗora shi a kan lisinopril, maganin hawan jini, bayan 'yan makonni gwaji ya nuna aikin ƙodarsa ya ragu. Wannan fa? Shi ma cutar ce?

Likita: A'a Kawu, wannan kam maganin ne, kuma an san da shi. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya. A kowace matata akwai jijiyar da jini ke shigowa da wadda yake fita. Idan ciwon siga ko hawan jini ya kama mutum, matsin da ke cikin matatar yana hauhawa, tana aiki fiye da ƙarfinta, furotin ya fara zuba cikin fitsari, sannu a hankali matatar ta zama tabo. Lisinopril da losartan da danginsu suna saki jijiyar fitar ne, matsin ya sauka. Da matsi ya sauka, tacewa takan ɗan ragu, sinadarin kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke fitarwa wanda ake auna aikinta da shi, ya ɗan hau a jini. Muddin hawan bai wuce kashi 30 cikin 100 ba kuma ya tsaya, ba a janye maganin, domin wannan sassaucin shi ne abin da ake nema.

An gwada wannan a kan mutane. A binciken RENAAL da aka wallafa a 2001, an raba masu ciwon siga 1,513 da ƙodarsu ta taɓu gida biyu, wasu aka ba su losartan, wasu ƙwayar da babu magani a cikinta. Haɗarin kaiwa ga mutuwar ƙoda ya ragu da kashi 28 cikin 100 a wajen masu shan losartan.

Auta: Yaya, bari in shiga, don akwai abin da ya kamata Kawu ya ji. A wannan binciken dai, losartan bai rage yawan mace-mace ba, kuma da yawa cikin masu shansa duk da haka sun kai ga wanki. Sannan kamfanin da ke sayar da maganin ne ya ɗauki nauyin aikin. Haka ma binciken DAPA-CKD na 2020, wanda ya nuna dapagliflozin, wani maganin siga, ya rage haɗarin taɓarɓarewar ƙoda ko mutuwa ta dalilin ƙoda ko zuciya da kashi 39 cikin 100 a tsakanin mutum 4,304, kamfani ne ya biya.

Kawu: Madalla, Auta. Mai kaya ai ba ya kushe kayansa.

Likita: Auta ya faɗi gaskiya a duka biyun. Maganin yana jinkirta cutar ne, ba ya warkar da ita, kuma wannan shi ya sa Kawu yake ganin masu shansa a ɗakin wanki. Sai dai ga wanda yake kwana uku a mako yana zaman awa huɗu jikin na'ura, jinkirin shekara biyu ko uku ba ƙaramin abu ba ne.

Maganar kamfani kuwa, akwai binciken da ya yi daidai da tambayarka, Kawu, kuma hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Birtaniya ce ta biya kuɗinsa. Wasu likitocin ƙoda da kansu sun yi zargin cewa idan cuta ta yi nisa, daina magani irin su lisinopril da losartan zai iya farfaɗo da ƙoda. Sai aka gwada a binciken STOP-ACEi, aka wallafa a 2022. Mutum 411 masu ciwon ƙoda mataki na 4 da na 5, wato matakan ƙarshe na cutar, rabi suka daina, rabi suka ci gaba. Bayan shekara 3 ƙodar waɗanda suka daina ba ta fi ta sauran ba. Kashi 62 cikin 100 na masu dainawa sun kai ga mutuwar ƙoda ko wanki, na masu ci gaba kashi 56. Tazarar ba ta kai a yanke hukunci da ita ba, amma da maganin ne ke kashe ƙoda, da an ga sauƙi a wajen waɗanda suka ajiye shi.

Inna: To ita takardar cikin kwali ƙarya ta yi?

Likita: Ba ta yi ƙarya ba, Inna, kuma nan ne nake so a tsaya sosai. Akwai lokutan da maganin yake cutarwa. Idan mutum yana amai da gudawa, ruwan jikinsa ya ƙare, ƙoda tana buƙatar wannan matsin don ta ci gaba da aiki, maganin kuma yana hana ta. Idan aka haɗa shi da maganin sa fitsari, sannan aka ƙara ibuprofen ko diclofenac don ciwon jiki, ƙoda tana iya tsayawa cikin kwanaki. Maganin hawan jinin yana iya ɗaga sinadarin fotashiyam a jini har ya taɓa bugun zuciya. Mai juna biyu ba ta shansa. Ba a kuma haɗa lisinopril da losartan a sha tare, domin an gwada irin wannan haɗin an ga ya ƙara cutar da ƙoda. Abin da ke ɓata mini rai shi ne mutum zai ji tsoron ƙwayar hawan jini, amma ya yi watanni yana shan diclofenac kullum ba tare da ya tambayi kowa ba.

Kawu: To kin dawo kan maganata. Kin yarda yana cutarwa. Ni ban janye gaba ɗaya ba. Na karɓi batun binciken Birtaniya, amma mutum nawa ne ake rubuta wa maganin nan a sallame su, shekara ta zagayo ba a auna jininsu ba? A wajen irin waɗannan, wa zai ce mini ba ya ɓarna?

Auta: Wannan tambayar tana da nauyi, Yaya. Waɗanda ke cikin bincike ana auna su a kai a kai, na waje kuwa ba lallai ba.

Likita: Ban musa ba, kuma laifin namu ne ma'aikatan lafiya idan muka bar mutum haka. Ƙa'ida ita ce a auna kiriyatinin da fotashiyam kafin a fara, a sake aunawa kafin wata guda ya cika, haka ma duk lokacin da aka ƙara yawan maganin. Mai siga ko hawan jini kuma a duba furotin a fitsarinsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda ba a yi masa ba, ya nema da bakinsa. Abin da nake roƙo, Kawu, kada wanda ya karanta maganarka ta farko ya ajiye ƙwayarsa yau.

Kawu: Ban ce kowa ya ajiye ba. Amma ki rubuto mana sunayen gwaje-gwajen nan daban, da abin da mutum zai yi ranar da amai da gudawa suka kama shi.